Tunawa da Kanal Adamu Mumuni Jarmakoy: daga bariki zuwa majalisa

 A filinmu na tarihi na wannan karo mun ɗauko rayuwar wani mutum wanda ba ɗan yankinmu ba ne. Bazabarme ne daga Dosso. Amma da Hausarmu aka raɗa wa jam'iyyarsa suna, kuma duk wanda ya jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa a Nijar tsakanin 1993 da 2004 ya ga hotonsa a rumfar zaɓe. Muna nufin marigayi Kanal Adamu Mumuni Jarmakoy, wanda a takardun gwamnati ake rubuta sunansa Moumouni Adamou Djermakoye, uban jam'iyyar ANDP Zaman Lahiya.

Ga dalilin da ya sa muka zaɓe shi. A 1974 yana cikin hafsoshin da suka kifar da gwamnati suka rufe Majalisar Dokoki. Bayan shekara 19 ya dawo cikin babbar riga ya zauna kan kujerar shugaban wannan majalisa. A 2009 kuma ajali ya same shi a wurin gangamin da aka kira don kare dokar ƙasa, kwana kaɗan bayan abokinsa na bariki ya sake rushe majalisar. Mu da muke shekara talatin da wani abu yanzu, ƙarshen labarin kawai muka riska. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi shi tun daga tushe, don mu ga yadda soja yake zama farar hula, da abin da hakan yake ci masa.

Ɗan sarki a bariki

An haifi Adamu Mumuni ranar 22 ga Mayu 1939 a Dosso, cikin gidan sarautar Zarmakoy. Kalmar Zarmakoy, wadda Faransawa suka rubuta Djermakoye, asalinta sarauta ce, ma'anarta sarkin Zabarmawa, daga baya 'ya'yan gidan suka riƙa ɗaukarta a matsayin suna. Gidan ya yi ƙarfi tun zamanin Nasara, ya kuma ba ƙasar nan ministoci da jakadu da hafsoshi. Yaron da ya tashi a irin wannan gida hanyarsa a share take. In ya gama lakwal, ko ya shiga ofis, ko ya zauna kusa da fada yana jiran rabonsa. Shi dai kaki ya zaɓa.

Lokacin da Nijar ta samu 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960 yana ɗan shekara 21. A shekarar da ta biyo aka kafa rundunar sojan ƙasa, wadda muka sani da FAN. Runduna ce ƙarama a wancan lokaci, hafsoshi 'yan ƙasa ba su da yawa, kuma har yanzu akwai sojan Faransa zaune a ƙasar. Waɗannan hafsoshi kaɗan sun san juna ciki da bai. Seyni Kunce, Ali Saibu, Tanja Mamadu, Sani Suna Sido, da shi Adamu Mumuni, duk tukunya ɗaya ta dafa su. Ku riƙe wannan a zuciya, domin siyasar Nijar ta shekara talatin da biyar da ta biyo baya, rabinta zumunci ne da saɓani tsakanin waɗannan mutane.

Daren 15 ga Afrilu 1974

Dattawanmu ba su manta farin da ya kama ƙasar nan daga ƙarshen shekarun 1960 har 1974 ba. Damina ta yi ta gazawa, rumbuna suka ƙare, shanu suka faɗi a hanyar kudu, mutane suka bar garuruwansu suka nufi Maradi da ƙetaren iyaka. Ana haka maganar hatsin taimako ta cika gari, ana zargin wasu manya da karkatar da shi. Ƙasa kuwa jam'iyya ɗaya ke riƙe da ita, PPN-RDA ta Shugaba Jori Hamani. Akwai Majalisar Dokoki, Bubu Hama ke shugabantarta, amma dukkan 'yan majalisar na jam'iyyar gwamnati ne, ba mai tashi ya tambayi inda buhu ya shiga.

A daren 15 ga Afrilu 1974 sojoji suka ƙwace mulki a ƙarƙashin Laftanar Kanal Seyni Kunce. An zubar da jini a fadar shugaban ƙasa, uwargidansa Hajiya Aisa na cikin waɗanda suka rasa ransu. Aka tsare Jori da Bubu Hama, aka jingine kundin tsarin mulki, aka rushe majalisa, aka haramta jam'iyya. Mulki ya koma hannun Majalisar Ƙoli ta Soja, wato CMS. Adamu Mumuni, matashin hafsa mai shekara 34, yana cikinta.

Gaskiya guda biyu ce a nan, kuma ba mu ɓoye ko ɗaya. Talakawa da yawa sun yi maraba da sojojin, saboda sun ga an fito da hatsi an kai ƙauyuka, an kuma tsorata ɓarayin gwamnati. Amma daga wannan dare ƙasar ta shekara 15 ba ta da majalisar da jama'a suka zaɓa. Doka a bakin CMS take. Wanda ya ɗaga murya, ɗalibi ne ko ɗan ƙwadago ko ɗan kasuwa, ya san inda zai kwana. Jarmakoy na cikin masu wannan mulki, alherinsa da laifinsa duka yana da kaso a ciki.

Shekarun Kunce

Mako guda bayan juyin mulkin aka naɗa shi ministan harkokin waje, ya riƙe wannan kujera daga Afrilu 1974 har Satumba 1979. Aiki ne mai wuya ga gwamnatin da ta zo da bindiga. Dole a lallashi ƙasashen da ke ba da taimakon abinci, a zauna lafiya da Najeriya da Libiya da Aljeriya, a kuma sake zama da Faransa kan maganar yuraniyom na Arlit. A cikin wannan lokaci ne sojojin Faransa suka bar ƙasar a 1974, kuma a cikinsa ne aka kafa ƙungiyar CEDEAO a Legas ranar 28 ga Mayu 1975, Nijar na cikin waɗanda suka sa hannu. Mu mutanen bakin iyaka, da rabin danginmu ke ɗaya ɓangaren, mun fi kowa sanin abin da zaman lafiya da maƙwabta yake nufi ga kasuwa da zumunci.

Daga nan aka mai da shi ma'aikatar matasa da wasanni da al'adu, daga 1979 zuwa 1981. Wannan shi ne zamanin samariya, lokacin da gwamnati ta farfaɗo da ƙungiyoyin samari na gargajiya ta sa su aikin gayya, gina aji, gyaran hanya, tarbar baƙi. A zamanin Kunce ne kuma kokowar takobi ta fara zama bikin ƙasa baki ɗaya. Sai ma'aikatar lafiya daga 1981 zuwa farkon 1983. Bayan haka aka tura shi Damagaram a matsayin prefe, wato abin da yau muke ce wa gwamna. A wancan tsari manyan hafsoshi ke riƙe jihohi. Tanja Mamadu ma ya riƙe jiharmu ta Maradi daga 1976 zuwa 1979, kafin ya zama ministan cikin gida, sannan prefen Tawa. A shekarun nan ne yunwar 1984 ta zo, wadda mutanenmu suka laƙaba wa sunan Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Najeriya. Duk wanda ya riƙe jiha a lokacin, aikinsa na farko hatsi ne.

Zama cikin CMS kansa ba wasa ba ne. Sani Suna Sido, mataimakin Kunce, an kama shi a 1975, a tsare ya rasu. Kwamanda Bayere Musa ya yi yunƙurin juyin mulki a watan Maris 1976, aka yanke masa hukuncin kisa. A watan Oktoba 1983 aka sake wani yunƙuri daga cikin na kusa da Kunce. Jarmakoy ya ratsa duk waɗannan shekaru 13 yana cikin gwamnati. Masu yabonsa suna cewa biyayya ce da haƙuri. Masu sukarsa suna cewa sanin inda iska ke kaɗawa ne. Za ku ga waɗannan maganganu biyu sun bi shi har ƙarshen rayuwarsa.

Mulki ya wuce shi sau biyu

Kunce ya rasu a wani asibiti a Paris ranar 10 ga Nuwamba 1987. Ana ganin Jarmakoy da Tanja cikin waɗanda za su iya gadonsa, amma hafsoshi suka zaɓi shugaban rundunar soja, Ali Saibu. A 1988 aka tura Jarmakoy jakada a Amurka da Majalisar Ɗinkin Duniya, aka tura Tanja jakada a Najeriya. Masu bin siyasa da yawa sun fassara wannan da cewa girmamawa ce mai haɗe da nisantarwa. Ko ma dai mene ne, ya karɓi aikin ya tafi, ya zauna can har 1991.

Yana can ƙasa ta juya. Ali Saibu ya kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, a 1989. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 aka harbi ɗalibai masu zanga-zanga a gadar Kennedy a Yamai. Ƙungiyoyin ƙwadago da na ɗalibai suka matsa, har aka kira Babban Taron Ƙasa, wanda ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991 a ƙarƙashin Farfesa Andre Salifu. Taron ya ƙwace iko daga hannun soja, ya kafa gwamnatin riƙon ƙwarya, ya raba bariki da siyasa. Daga nan duk hafsan da ke son mulki sai ya tuɓe kaki ya nemi ƙuri'a kamar kowa. Jarmakoy da Tanja duk sun tuɓe.

Karonsu na farko a cikin gida aka yi shi. A ƙarshen 1991 MNSD ta zauna zaɓen sabon shugaba, su biyun suka tsaya, Tanja ya yi nasara. Wannan shi ne karo na biyu da mulki ya gifta ta gabansa. Bai koma ya zuga yaransa na bariki ba. Ya tara magoya bayansa cikin wata ƙungiya ta abokansa, wadda daga baya ta zama jam'iyyar ANDP, aka ƙara mata da Zaman Lahiya. Hausawa na cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Ga ɗan sarki da kansa ya ɗauki rabin karin maganar ya sa wa tutarsa. Ƙarfin jam'iyyar dai a Dosso da yammacin ƙasa ya tsaya, a nan wajenmu ba ta taɓa yin kaurin CDS ko MNSD ko PNDS ba.

Kan kujerar majalisa

An amince da sabon kundin tsarin mulki a watan Disamba 1992. A zaɓen 'yan majalisa na Fabrairu 1993 akwai kujeru 83. MNSD ta samu 29, CDS Rahama 22, PNDS Tarayya 13, ANDP 11. A zagayen farko na zaɓen shugaban ƙasa Tanja ya zo na ɗaya, Mahaman Usman na biyu, Mahamadu Isufu na uku, Jarmakoy na huɗu da kashi 15 da ɗoriya cikin ɗari. Wannan kashi 15 shi ne mabuɗi. Da ya miƙa shi ga tsohon abokinsa na CMS, da lissafin ya canza. Sai ya shiga ƙawancen AFC tare da Usman da Isufu. A zagaye na biyu, ranar 27 ga Maris 1993, Mahaman Usman ya zama shugaban ƙasa. Isufu ya zama firaminista, Jarmakoy kuma aka ware masa shugabancin Majalisar Dokoki.

Akwai wani abu da ya faru a nan wanda ya kamata matasa su sani. An zaɓe shi shugaban majalisa a watan Afrilu, sai MNSD ta kai ƙara Kotun Ƙoli cewa ba a bi ƙa'ida ba. Kotu ta soke zaɓen. Mutumin da ya shekara 13 cikin gwamnatin da ba alƙalin da ya isa ya ja da ita, ya sauka, aka sake zaɓe a watan Mayu, sannan ya hau. Wannan ƙaramin abu ne a ido, amma a nan ake gane wanda ya tuɓe kaki da gaske da wanda ya ɗora riga a kansa kawai.

Bari mu ɗan yi bayanin aikin majalisa ta fuskar soja, domin a nan ne rayuwarsa ta farko da ta biyu suka haɗu. A tsarin majalisun da muka yi daga 1993 zuwa 2023, 'yan majalisa kan rarrabu cikin kwamitoci, na kuɗi daban, na harkokin waje daban, na raya karkara daban, akwai kuma kwamitin tsaro. Duk dokar da ta shafi soja da jandarma, kwamitin tsaro ke fara duba ta kafin a kawo ta zauren majalisa. Idan aka zo kasafin kuɗi, 'yan majalisa na da ikon kiran ministan tsaro ya yi bayanin abin da zai kashe. Albashin ƙaramin soja, abincinsa, takalminsa, motar da zai shiga, haƙƙin matarsa da 'ya'yansa in ya faɗi a fagen daga, duk daga wannan kasafi suke fitowa. Ɗan majalisar da bai taɓa kwana a bariki ba, ana iya karanta masa lambobi ya gyaɗa kai. Tsohon hafsa kuwa ya san farashin abin, ya san inda ake yankewa. Amfaninsa ke nan. Haɗarinsa kuma shi ne kunya da zumunci, domin wanda zai tuhuma ƙaninsa ne na aiki, ko yaron da ya horar da hannunsa.

Majalisar da Jarmakoy ya shugabanta ta sha wannan gwaji. Baitulmali babu kuɗi, ma'aikata na bin bashin albashi na watanni. Tun a Fabrairu 1992 ƙananan sojoji sun yi bore kan albashi, a watan Yuli 1993 kuma aka sake yi a barikoki da dama, har da na Damagaram da Maradi. A arewa ga tawayen Abzinawa, wanda sai 24 ga Afrilu 1995 aka sa hannu kan yarjejeniyar ƙarshe. A watan Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, kayan kanti suka yi tsada dare ɗaya. Ƙawancen AFC bai jure ba. Isufu ya ajiye aiki a Satumba 1994, jam'iyyarsa ta koma ɓangaren MNSD, gwamnati ta rasa rinjaye. A watan Oktoba Shugaba Usman ya rushe majalisa. Shugabancin Jarmakoy bai kai shekara ɗaya da rabi ba.

Faɗuwa huɗu da sauyin ƙawance

Abin da ya biyo baya da yawanku kun san shi. Zaɓen Janairu 1995 ya ba 'yan adawa rinjaye, Hama Amadu ya zama firaminista, shi da shugaban ƙasa suka kasa zama inuwa ɗaya. Ranar 27 ga Janairu 1996 Kanal Ibrahim Ba'are Mainasara ya yi juyin mulki. A zaɓen Yuli na shekarar, Ba'are ya tsaya da kansa, aka rushe hukumar zaɓe ana tsakiyar jefa ƙuri'a, aka tsare sauran 'yan takara huɗu a gidajensu, har da Jarmakoy. Aka ce Ba'are ya ci da kashi 52, Jarmakoy kuwa bai kai kashi 5 ba.

A nan ne masu sukarsa suka fi samun abin faɗa. Manyan jam'iyyu uku suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Nuwamba 1996, amma ANDP ta shiga, ta zauna tare da gwamnatin Ba'are. Mutane ba su manta cewa ɗan uwansa, Kanal Musa Mumuni Jarmakoy, shi ne shugaban rundunar soja a lokacin ba. Zaman bai yi daɗi ba, a 1998 ya raba gari da Ba'are. Ranar 9 ga Afrilu 1999 masu tsaron Ba'are suka harbe shi a filin jirgin sama na Yamai, Kwamanda Dauda Malam Wanke ya riƙe ƙasa wata tara ya shirya zaɓe.

A zaɓen 1999 Jarmakoy ya zo na biyar da ƙasa da kashi 8. A zagaye na biyu ya mara wa Isufu baya, amma Tanja ya ci. Ya shiga majalisa a matsayin ɗan adawa. A 2002 jam'iyyarsa ta koma ɓangaren masu rinjaye, a watan Nuwamba Tanja ya naɗa shi ministan ƙasa mai kula da haɗin kan Afirka da shirin NEPAD. A 2004 ya sake tsayawa, ya sake zuwa na biyar da kashi 6, a wannan karo ya mara wa Tanja baya.

In kun lissafa, sau huɗu ya nemi shugabancin ƙasa, sau huɗu ya faɗi, kuma bai sake kusantar ƙuri'un da ya samu a 1993 ba. Ya zauna da Usman, ya zauna da Ba'are, ya zauna da Isufu, ya zauna da Tanja. Wasu na ganin wannan rashin tsayawa wuri ɗaya ne. Magoya bayansa na cewa ƙaramar jam'iyya ba ta da abin sayarwa sai sulhu, kuma wani dole ya zama gada. Mu dai abin da muka lura da shi shi ne, cikin duk wannan juye-juye, da kujera da ƙuri'a ya yi cinikinsa. Bai sake bin hanyar 1974 ba.

Alƙalin manya

A watan Mayu 2005 'yan uwansa 'yan majalisa suka zaɓe shi shugaban Babbar Kotun Shari'a ta manyan jami'ai. Wannan kotu daban take da kotunan da muka saba gani. A wancan lokaci daga cikin 'yan majalisa ake zaɓen masu zama a cikinta, kuma aikinta shi ne shari'ar ministoci kan laifin da suka yi a bakin aiki, da shugaban ƙasa in an tuhume shi da cin amanar ƙasa. A zamaninsa kotun ba ta zauna banza ba. A 2006 majalisa ta miƙa mata tsofaffin ministocin ilimi biyu kan kuɗin makarantun firamare. A 2008 aka miƙa mata tsohon firaminista Hama Amadu, wanda ya yi wata goma a gidan kason Kutukale kafin a ba da shi beli a watan Afrilu 2009. Har gobe ana gardama kan ko shari'a ce tsantsa ko da siyasa a ciki. Abin lura dai shi ne, bisa doka, mutum na ƙarshe da wannan kotu za ta iya kira shi ne shugaban ƙasa, wato Tanja.

Ranar ƙarshe

Kundin tsarin mulkin 1999 ya ce shugaban ƙasa wa'adi biyu zai yi na shekara biyar biyar, ya kuma hana a taɓa wannan sashe. Wa'adin Tanja na biyu zai ƙare a Disamba 2009. Tun ƙarshen 2008 aka fara kiran tazarce, ana cewa a bar shi ya kammala manyan ayyukan da ya fara. Mu faɗi gaskiya, a ƙauyukanmu Tanja yana da masoya na haƙiƙa, saboda azuzuwa da ɗakunan shan magani da rijiyoyin da aka yi a ƙarƙashin shirinsa na musamman, ga kuma tsohuwar sanayya tun yana prefen Maradi. Maganar tazarce ta raba gidaje, ta raba majalisun hira a bakin kasuwa.

Jarmakoy yana cikin ƙawancen gwamnati, yana da kujera mai daraja, shekarunsa 70. Da ya yi shiru ba wanda zai ga laifinsa. Sai ya fito fili ya ƙi, jam'iyyarsa ta shiga gamayyar masu kare dimokuraɗiyya tare da 'yan adawa da ƙungiyoyin farar hula. Ranar 25 ga Mayu 2009 Kotun Tsarin Mulki, ƙarƙashin Mai shari'a Fatimata Bazeye, ta ba da ra'ayin cewa zaɓen raba gardamar da ake shiryawa ya saɓa wa doka. Washegari Tanja ya rushe Majalisar Dokoki. Ranar 12 ga Yuni kotun ta soke takardar kiran zaɓen.

Ranar Lahadi 14 ga Yuni 2009 dubban mutane suka fito gangami a Yamai. Jarmakoy yana cikin shugabannin da za su yi jawabi. Ana cikin taron, ga zafin rana, jikinsa ya gaza ya faɗi. Aka garzaya da shi asibiti, rai ya yi halinsa. Aka kai shi Dosso aka binne shi cikin danginsa.

Bai ga sauran ba. A ƙarshen watan Yuni Tanja ya rushe kotun ita ma. Aka yi zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta, aka ƙara masa shekara uku. A watan Oktoba CEDEAO ta dakatar da Nijar. Ranar 18 ga Fabrairu 2010 sojoji ƙarƙashin Kwamanda Salu Jibo suka shiga fada da rana tsaka suka kama shi. Jam'iyyar ANDP kuma ta koma hannun Musa Mumuni Jarmakoy, wanda shi ma ya yi ritaya daga soja ya shiga siyasa, har Allah ya yi masa rasuwa a 2017.

Abin da ya rage mana

Mutum biyu suka fito daga bariki ɗaya, suka yi juyin mulki ɗaya, suka tuɓe kaki a lokaci ɗaya. Ɗaya ya samu abin da ya nema, ya yi shekara goma a kai, ya kasa sauka. Ɗaya bai taɓa samu ba, ya ƙare yana tuna wa abokinsa ranar sauka. Ba mu ce Jarmakoy waliyyi ba ne. Iyalan waɗanda suka sha wuya a zamanin CMS suna da haƙƙin tuna shi yadda suka ga dama, haka ma waɗanda suka ji haushin zamansa da Ba'are. Tanja ma, wanda ya rasu a Nuwamba 2020, yana da alherin da mutanen karkara ba za su manta ba.

Abin da ya sa labarin ya shafe mu a nan Hawandawaki shi ne, kusan kowane gari a yankin nan yana da ɗa cikin kaki, wani a Diffa, wani a Tillaberi, wani a bakin iyakar nan tamu. Wata rana za su dawo gida su ajiye bindiga, wasunsu za su nemi kansila ko magajin gari ko ɗan majalisa. Ranar da suka zo neman ƙuri'armu, ba girman galan da suka sa a kafaɗa za mu duba ba. Mu tambaye su ko za su iya faɗuwa zaɓe su kwana lafiya, ko za su sauka in alƙali ya ce su sauka, ko kuma za su iya duban tsohon abokin aikinsu su tambaye shi inda kuɗin ƙananan sojoji ya shiga.

Dattawan da suka ga zamanin samariya, da waɗanda suka yi zama a Damagaram lokacin yana prefe, ƙofarmu a buɗe take. Ku zo gidan rediyo ko ku aiko da saƙon murya, mu sa a fili na gaba, ko yabo ne ko akasinsa. 'Yan uwa na waje kuma, ku karanta wa na kusa da ku waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Allah ya jiƙan Adamu Mumuni Jarmakoy da sauran magabatanmu, ya yafe musu kurakuransu. Allah ya tsare 'ya'yanmu da ke bakin daga, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Nijar lafiya. Amin.